Gandiroba, Mai Ƙirga Kawuna

Aikin gandiroba da ƙidaya yake farawa. Da sassafe, kafin a zare sakata ko ɗaya, sai ya bi ɗakuna yana leƙawa ta tagar ƙarfe, mutanen ciki sun tsuguna sahu-sahu, yana ƙirga kawuna. Abin da ya samu ya rubuta, a haɗa da na sauran ɗakuna da na ɗakin magani da na ɓangaren mata, a gwada da adadin da aka kulle jiya da yamma. In lissafi ya yi daidai sai a buɗe, masu girki su fara fita, masu shara su bi baya, masu zuwa kotu su yi layi a bakin ƙofa. In kuwa aka samu giɓin mutum ɗaya, to ranar ta ɓaci. Masu aikin dare ba za su tafi gida ba, na safe ba za su karɓi makulli ba. A sake ƙirgawa, a kuma sakewa, a duba banɗaki da bayan kicin da cikin rufi, har sai an gano ko alƙalami ne ya zame ko kuwa da gaske wani ya tsallake katanga.

In da gaske ne, ba a shan wahalar neman wanda za a tuhuma. Littafi ya nuna wanda ke riƙe da makullin ɗakin, da wanda ke kan hasumiya, da wanda ke ƙofa, da ƙarfe nawa kowa ya karɓi aiki. Za a dakatar da wani, wataƙila ma a gurfanar da shi, domin sakacin da ya sa ɗaurarre ya gudu laifi ne a dokar ƙasa.

To, a cikin jerin ma'aikatan da mutum ke bi ta hannunsu tun daga ranar da aka kama shi, wato ɗan sanda mai bincike, da mai gabatar da ƙara, da lauyan gwamnati, da magatakarda, da alƙali, babu wanda ake titsiyewa safe da yamma ya ba da lissafi sai wannan na ƙarshen layi, wanda bai kama kowa ba, bai tuhumi kowa ba, bai yanke wa kowa hukunci ba. Shi in kai ɗaya ya ɓace masa ba zai kwana a gida ba. Amma fayil na iya ɓacewa shekara uku a wani ofis, mai fayil ɗin yana tsugune ana ƙirga shi kullum, kuma duk wanda fayil ɗin ya bi ta teburinsa ya tashi aiki ƙarfe huɗu ya tafi gida lafiya lau.

Ƙofar gidan yari biyu ce, ta waje da ta ciki, da ɗan soro a tsakani, kuma abu na farko da ake cusa wa sabon ma'aikaci shi ne ba a buɗe su lokaci guda. A soron nan mai ƙofa yake zaune da ƙaton littafinsa. Duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya rubuta shi da lokacinsa, mutum ne, buhun wake ne, itacen girki ne. A nan ake sauke sabon baƙo, kuma kafin a dube shi takardarsa ake dubawa: waranti mai sa hannun alƙali da hatimin kotu. Ba ita, ba shiga, ko da kwamishinan 'yan sanda ne ya rako shi. Gandiroba ba ya tambayar ko mutumin ya aikata abin da ake zarginsa, ba huruminsa ba ne. Abin da yake nema a takardar shi ne suna, da kotun da ta aiko, da tuhumar, da ranar da za a mayar da shi. Daga nan sai caje. Kuɗi da waya da agogo a rubuta a littafin ajiya, mai kaya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sannan a ce ya cire riga a duba jikinsa.

Wannan dubawar, in za a faɗi gaskiya, kare kai ya fi yawa a cikinta fiye da tausayi. Wanda aka kawo daga caji ofis da karyayyen haƙarƙari, in ya cika bayan kwana biyu, a littafin gidan yari za a rubuta mutuwarsa, su ne kuma za su amsa tambaya. Dokar hukumar gidajen yari ta 2019 ta san da haka, shi ya sa ta ce shugaban gida kada ya karɓi wanda aka kawo da mummunan rauni, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko yaron da bai kai shekarun zama da manya ba. Wannan ikon ƙin karɓa shi ne makami mafi ƙarfi a hannun mai sana'ar, ya fi kulki, kuma shi ne aka fi jin nauyin ɗagawa. Ƙaramin jami'i a wani gari, ga alƙali ya sa hannu, ga 'yan sanda tsaye da bindiga suna sauri, ga shi gobe zai buƙaci taimakonsu in wani abu ya tashi: ba kowa ke da zuciyar cewa "ku mayar da shi asibiti" ba. An ga amfanin dokar a farkon Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran Kano da Kaduna a babbar kotun tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan kusan wata uku a hannun 'yan sanda. Hukumar gidajen gyaran hali ta fito ta ce dokarta ba ta yarda a haɗa yara da manya ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, amma sai da duniya ta ga hoton tukuna.

Zuciyar sana'ar tana wani ɗan ofis da baƙi ba su cika lura da shi ba, ofishin rajista. Mai riƙe da shi malamin lissafi ne na kwanaki. In aka kawo wanda aka yanke wa shekara uku, sai ya ɗauki kalanda ya fitar da rana biyu: ranar da wa'adin zai cika cif, da ranar da zai iya fita in ya zauna lafiya, domin ana yafe wa ɗaurarre kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa saboda kyan hali. Shi ya sa mutanen ciki ke cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Mai shekara uku, in bai yi faɗa ba, bai yi yunƙurin gudu ba, ba a kama shi da wiwi ba, a shekara biyu zai ga titi. Wannan ranar ita ce linzamin da gandiroba ke riƙe mutum da shi. Ba sai ya ɗaga hannu ba, ya isa ya ce, "Kai, ka tuna kwana nawa ya rage maka." Mutumin da ya san ranar fitarsa yana da abin da yake tsoron rasawa. Shi ake ba wa kayan sarki na fursuna, shi ake fita da shi yankan ciyawa, shi ke shiga shagon kafinta ko na tela, shi ke zana jarabawar NECO, wani ma ya yi digiri a cibiyar Jami'ar Karatu Daga Gida da ke cikin wasu gidajen, ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba.

Amma waɗannan su ne 'yan tsiraru. A cikin mutum wajen 80,000 da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya, kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A shafinsu na rajista, gurbin ranar fita fayau yake. Malamin lissafi ba shi da abin lissafawa, sai dai ya riƙa ƙara ranakun da aka ɗage zama, layi bayan layi, har bayan warantin ya cika a liƙa masa wata takarda. Mai jiran shari'a da tufafin da aka kama shi da su yake zaune. Galibi ba a fita da shi aiki, domin a ido na doka ba mai laifi ba ne, ba a sa shi aikin horo, kuma shi aka fi tsoron ya gudu. Ɗakinsa ya fi cunkoso, sa'o'insa na shan iska sun fi kaɗan. Wato wanda kotu ta tabbatar ya yi laifi ya fi wanda ba a tabbatar ba gata. Duk wanda ya daɗe a aikin ya ga mutanen da suka amsa laifin da suke rantsuwa ba su yi ba, don kawai a ba su rana su fara ƙirge.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. An kama saurayi kan zargin fashi da makami ko kisan kai. Tsarin mulki a sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai 'yan sanda su kai shi kotun majistare, alhali kowa a zauren ya san ba ta da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, babbar kotu ce kaɗai ke da shi. Majistare ba zai saurara ba, sau da yawa ba zai ba da beli ba, sai ya ce a kai shi ajiya har a samu shawarar lauyoyin gwamnati. Kafin shawarar ta fito sai ɗan sanda mai bincike ya kwafi kundin bincike ya aika ma'aikatar shari'a ta jiha. A nan ake yin ɓatan dabo. Wani lokaci ba kuɗin kwafi. Wani lokaci an yi wa mai binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ya kulle durowa ya tafi da makulli. Wani lokaci kundin ya isa ma'aikata ya hau kan tulin 'yan'uwansa a teburin lauya ɗaya. Wanda ya kawo ƙarar ma ya gaji ya daina zuwa. Kowa yana da uzuri, kuma kowane uzuri in ka saurare shi shi kaɗai yana da ma'ana. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami: ta ce umarnin ajiya kwana 14 ne, ana iya sabunta shi na ɗan lokaci in an kawo hujja, daga nan kotu ta kira hukuma ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar ta yi kyau a takarda. Abin da ba ta zo da shi a aikace ba shi ne wani ya rasa albashin wata ɗaya don ya bar kwana 14 ya zama shekara.

Ba kuma zan wanke gandiroba tas a nan ba, domin yana da kasonsa. Shi ke kai mutum kotu. Motar gida ɗaya ce, kotunan da za ta zaga sun fi goma, man da aka bayar bai isa ba. Wa za a ɗauka, wa za a bari? A gidaje da yawa amsar ita ce wanda danginsa suka kawo kuɗin mai. Wanda ba shi da kowa sai a kira sunansa a kotu a ce ba a kawo shi ba, a ɗage wata biyu. Wani zuwan kuma an kai shi, ya wuni a bayan mota cikin zafi, a dawo da shi da labarin cewa alƙali ya tafi taro. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, sama da wata biyu ba kotun da ta zauna, amma ko rana ɗaya ba a fasa ƙidayar safe ba.

Sana'ar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa manyan masarautu suna da Yari, bafaden da sarki ya damƙa wa kurkuku, kuma sunansa ne gidan ke amsawa har yau. Da aka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya rubuta wa mutanensa na Ingila bayanin kurkukun sarki, da ƙuncinsa da yadda mutane ke mutuwa a ciki don rashin iska. Mai cin ƙasa da yaƙi yana da dalilinsa na ƙawata irin wannan labari, amma abin lura shi ne bayan ya gama rubutun, a hannun sarakunan ya bar kurkukun. Gidan yarin Kurmawa, wanda aka gina a 1910 daf da fadar Kano, na En'e ne a wancan lokacin, kamar yadda 'yan doka da kotunan alƙalai suke na En'e. Hukuma ɗaya ke kamu, ita ke shari'a, ita ke ɗauri. 'Yan NEPU na shekarun 1950 sun ɗanɗana abin da hakan ke nufi, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau 16 ake lissafa mata shiga. Sai a 1968, zamanin Gowon, aka haɗe gidajen yarin En'e da na tarayya a ƙarƙashin hukuma ɗaya. A 2019 aka sauya mata suna zuwa ta gyaran hali, aka ƙara mata reshen hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da ɗaurin talala.

Haɗewar 1968 ta raba mai ɗauri da mai kamu, kuma alheri ne. Sai dai ta haifar da wata matsalar da ake fama da ita har gobe. Tsohon ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya sha faɗin cewa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen da ke tsare dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa. Kotun jiha ce ta aiko su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil ɗinsu, amma gwamnatin tarayya ke ciyar da su. Jihar da ta bar mutum shekara biyar yana jira ko kwabo ba ta kashe a kansa ba, me zai sa ta sauri? A Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon kafa nasu gidajen. Ikon da ke zuwa da ɗawainiyar ciyar da dubban baki ba irin wanda gwamnoni ke rububi ba ne.

Cikin gidan kuma wata duniya ce. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne gandiroban da ke tsakar gida ba ya riƙe bindiga. Masu bindiga suna waje da kan hasumiya, domin makamin da ya shiga tsakiyar ɗaruruwan mutane na iya sauya hannu cikin ƙiftawar ido. Mutum biyu ko uku ne da makulli da usur a tsakanin jama'ar da ta ninka su sau ɗari. Abin da ake koya musu a makarantun horo na Kaduna, fareti da dokoki da yadda ake caje, somin-taɓi ne. Ainihin ilimin a bakin aiki ake ɗaukarsa daga tsofaffin hannu. Gogaggen ma'aikaci da kunne yake aiki. Ɗakin da ya saba hayaniya in ya yi tsit, akwai magana. In aka dawo da abinci ba a taɓa ba, akwai magana. In wanda ya saba gaishe shi ya kau da kai, wani abu ake kitsawa kuma mutumin ba ya so a ce shi ya faɗa. Ya san cokalin da aka wasa a jikin siminti, da wayar da aka cusa a cikin burodi, da ƙwayar da aka binne a sabulu. Ranar ziyara, tsohuwa ta zo da kwanon tuwo daga ƙauye, sai ya ce, "Inna, ɗan taɓa mu gani." Ta ɗebi loma ta ci a gabansa, ya sa cokali ya tona har ƙasan kwano. Ita tana ganin wulaƙanci ne, shi kuwa ya san in guba ta shiga ta wannan kwano, sunansa ne a littafi.

Da yake ma'aikata ba su isa ba, kowane ɗaki yana da gwamnatinsa ta 'yan ciki: shugaba, da alƙali, da ɗan sanda, da mai rabon ruwa. Su ke tsara wa zai kwanta a bakin taga, wa zai kwanta kusa da bokitin bahaya, kuma sabon shiga in ba shi da abin miƙawa ya san inda za a ajiye shi. Gandiroba ya san da wannan, yana kuma amfani da shi, domin ba tare da shugabannin ɗaki ba gidan ba zai kwana lafiya ba. A nan ne mutumin da aka fi kowa titsiyewa kan kawuna ya zama wanda ba mai tambayarsa kan sauran abubuwa. Wa za a kai ɗakin magani yau, wa za a ce ya jira gobe? Ziyarar minti biyar ce ko ta rabin sa'a? Wa za a mayar ɗaki mai fanka? Babu littafin da ke rubuta waɗannan, kuma duk abin da ba a rubutawa yana da farashi. "Yallaɓai, ga na goro" ita ce gaisuwar da ta fi yawa a bakin ƙofa ranar ziyara. Masu sana'ar za su ce maka albashi bai kai ko'ina ba, barikinsu yoyo yake yi, su ma ɗaurin shekara 35 suke yi, sai dai suna kwana a waje. Duk gaskiya ne. Amma tsohuwar da ta sayar da akuya ta biya kuɗin mota ba ita ta rage musu albashi ba.

Maganar abinci kuwa shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, shi ya faɗa da bakinsa a gaban kwamitin majalisar dokokin tarayya a Disamban 2023: naira 750 ake ware wa ɗaurarre a rana, karen tsaro na hukumar kuma 800. A 2024 aka ɗaga na mutum zuwa 1,125. A cikin wannan ɗan kwangila zai ci ribarsa, a sayi itace, sannan abin da ya rage ya zama gabza da ruwan miya. Gandiroba ne ke tsaye a kan tukunya lokacin rabo, shi ake zagi, ko da yake bai taɓa ganin takardar kwangilar ba.

Manya kuwa zamansu dabam ne, kuma masu sana'ar suna da dalilinsu na tarihi. Obasanjo ya zauna a gidan yarin Yola, ya fito a 1998, shekara ta zagayo yana shugaban ƙasa. Abokin ɗaurinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa bai fito ba, a Abakaliki ya rasu a Disamban 1997. Darasin da ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka shi ne babban mutum ko a cikin ankwa babba ne, gara ka bi shi a hankali. Gwamnati ma ba ta ƙaryata shi ba. Tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, kotu ta ɗaure su a 2018 kan dukiyar jama'a da ta haura naira biliyan ɗaya kowannensu, aka yi musu afuwa a 2022. Wanda ya buɗe musu ƙofar gidan yarin Kuje ya koma ciki ya kulle mutanen da suka fi su daɗewa a gidan ba tare da an taɓa karanta musu hukunci ba.

Akwai kuma sama da mutum 3,000 da aka yanke wa hukuncin kisa. Gwamnoni ba sa son sa hannu, ba sa kuma son sassautawa. Kisan ƙarshe da aka san an zartar shi ne na jihar Edo a 2016. Dokar 2019 ta ce wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara ya kuma shekara 10 yana jiran hauni, babban alƙalin jiha na iya mayar masa da hukuncin ɗaurin rai da rai. Kafin nan, gandiroba ne ke zaune da mutumin da ba shi da sauran abin tsoro.

Haɗarin aikin ya sauya kama tun daga Satumban 2010, da 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki sama da mutum 700. An yi na Owerri a Afrilun 2021, inda fiye da 1,800 suka fice, aka yi na Jos a ƙarshen shekarar, sannan na Kuje a daren 5 ga Yulin 2022, a gefen babban birnin tarayya, sama da 800 suka tsere. Wani lokacin ma ba a buƙatar mahara. Ruwan sama ne ya rushe katangar Suleja a Afrilun 2024, ambaliyar dam ɗin Alau ta ci ta Maiduguri a Satumban shekarar. Ginin zamanin Turawa ne aka ɗura wa ninkin abin da aka yi shi dominsa. Sabon gida mai ɗaukar mutum 3,000 da aka gina a Janguza kusa da Kano zai rage matsi, ba shakka. Sai dai ƙarin ɗaki ba ya motsa fayil.

Ranar da ta fi kowace daɗi a gidan ita ce ranar da babban alƙalin jiha ya kawo ziyarar rage cunkoso. An share tsakar gida, an kafa rumfa, an jera kujeru. Malamin rajista ne tauraron ranar, domin jerin sunayen da ya kwana yana haɗawa shi ake bi. A kira mutum ya fito ya durƙusa. "Tun yaushe kake nan?" "Ranka ya daɗe, wannan azumin ne na biyar." A juya wajen lauyan gwamnati, ya ce kundin bai iso gare su ba. A juya wajen 'yan sanda, su ce za su bincika. Babban alƙali ya girgiza kai ya ce an sallame shi, ya je ya zama mutumin kirki. Gida ya ɗauki kabbara, 'yan jarida su ɗauki hoto. Haka aka yi murna a Nuwamban 2023 da ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali aka biya wa mutum 4,068 tarar da ta riƙe su. Ba mai ƙin a saki mutum. Amma a lura da yadda ake kiran abin: jinƙai, afuwa, karamci. Wanda aka ci wa shekara biyar ba hukunci shi ke godiya, shi ake yi wa nasiha. Ba a cika jin an tashi daga rumfar nan da sunan jami'in da za a tambaya ina ya kai kundin ba.

Alhali sunan ba shi da wuyar samu. Sashe na 111 na dokar 2015 ya wajabta wa shugaban hukumar ya riƙa aika wa manyan alƙalai da antoni-janar, duk bayan kwana 90, jerin waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a. Dokar 2019 ta ƙara da cewa in gida ya cika ya batse, kwanturolan jiha ya sanar da babban alƙali da antoni-janar, in ba a yi komai ba yana iya rufe ƙofa ya daina karɓa. Ke nan takardar da ta fi kowace faɗin gaskiya game da shari'ar laifuka a kowace jiha tana nan, gandiroba ne ke rubuta ta, sau huɗu a shekara. Abin da ya rage mata gurbi ɗaya ne a gefen kowane suna: teburin da fayil ɗin yake a yau, da sunan mai teburin, da ranar da ya karɓa. Malamin rajista zai iya cike mafi yawansa daga bayan waranti, sauran kuma magatakardan kotu ya cike. A liƙa ta a allon babbar kotu, a karanta ta a zauren majalisar jiha ranar da kwamishinan shari'a da na 'yan sanda suke zaune, gidajen rediyon Kano da Kaduna da ke da shirye-shiryen kotu su samu kwafi. Ba ya buƙatar sabon gini ko gyaran tsarin mulki, umarnin babban alƙali ɗaya ya isa a fara a jiha ɗaya.